Ranar da Aka Yanke Furannin Yelwa

Shekara uku ke nan Yelwa tana fama da wani ɗan fure da bai kai tsawon tafin hannu ba. Turawa suna ce masa primrose. Ganyensa a yamutse yake kamar hannun da ya daɗe cikin ruwan wanki, furen kuma ruwan ƙwai ne mai haske, yana fitowa a gindin itatuwa tun kafin su yi sabon ganye. Kafin ta zo Ingila ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Malamar kimiyyar tsirrai ce a wata kwaleji a Gusau, ta samu gurbin ƙaro karatu a Manchester, ta bar mijinta Ja'afar da 'ya'yansu mata biyu, Zuhra da Inaya, a kan cewa shekara uku ce kawai za ta yi ta dawo.

Aikin nata a baki ba shi da wuya. Idan sanyi ya fara ja da baya a watan Maris, akwai wasu manyan ƙudajen zuma masu gashi da ke farkowa daga ramukan da suka yi watanni a ciki. Da yunwa suke fitowa, su tarar babu komai a birni sai kwalta da ciyawar da aka aske. Abin da Yelwa za ta gano shi ne, in aka dasa wannan fure a bakin 'yan ƙananan kurmin da suka rage a cikin birane, ƙudajen za su zo? Guda nawa, kuma waɗanne iri? Aka ba ta fili biyu don ta kwatanta: ɗaya a kudancin Manchester, ɗaya a gefen wani lambun shaƙatawa a Birmingham.

Shekarar farko ta tafi a banza. Ta shuka iri a farantan roba, ta jera su a ɗakinta na unguwar Fallowfield a Manchester, kusa da hita, tana shayar da su safe da yamma. Wata biyu ko tsinke bai fito ba. Da ta kai kuka wurin Dakta Clara, malamar da ke duba aikinta, sai matar ta dafe goshi ta ce, "Yelwa, kin kashe su da gata. Wannan irin sai ya sha sanyi, sai ƙanƙara ta kwanta a kansa, sannan yake tsirowa." Haka ta kwashe farantan ta kai waje, bayan gidan da take, ta bar wa hunturu. Suka tsiro. Sai dodon koɗi, irin marar ɓawon nan mai yauƙi, ya bi su ya cinye fiye da rabi a mako ɗaya. Ta koma ta sake shukawa. Ta koyi ɗora farantai a kan bulo, ta koyi tsince dodon koɗi da hannu tana zubawa a gwangwani, ita da a gida ko tsutsa ba ta iya taɓawa. A kakar shekara ta biyu ta dasa guda ɗari uku a kowane fili, a durƙushe, har gwiwoyin wandonta suka huje. Ta kafa turaku, ta zagaye da igiya, ta kafa allo mai ɗauke da sunan jami'a.

Wannan shekarar ce ta ƙarshe, kuma a ita ce furannin suka yi kyan da ake nema. Sai dai ruwan sama ya ce bai san zancen ba. Tun farkon Maris ake tsuga shi, kuma ƙudan zuma ba ya tashi cikin ruwa. Sau biyu a mako take shiga bas zuwa Birmingham, tafiyar kusan awa uku, ta zauna a kan 'yar kujerar ninkewa a gaban furanni, da agogo da takarda cikin leda, ta yi minti goma sha biyar tana kallon sashe ɗaya, ta rubuta sifili, ta matsa gaba. Ga azumi ya kama. Wani lokaci sanyin yakan shige ta har ta daina jin yatsunta, ta riƙa riƙe fensir a dunƙule kamar 'yar aji ɗaya.

Ran Lahadi da rana ta kira gida. Inaya, ƙaramar, ta karɓe wayar daga hannun babanta.

"Mama, furen ya gama fitowa?"

"Ya fito, Inaya."

"To ai kin ce in ya fito za ki dawo."

"Sai ƙudan zuma sun zo na ƙirga su tukuna."

"Su nawa ne? Ni zan taya ki."

Ja'afar ya karɓi wayar yana dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya ce Zuhra ta fara sa takalmin da Yelwa ta bari a gida, ya yi mata daidai. Yelwa ta ce masha Allah. Bayan sun yi sallama ta daɗe zaune a bakin gado da wayar a cinya, ba ta tunanin komai takamaimai, tashin ne kawai ya yi mata nauyi.

Ranar Talata, ashirin da uku ga azumi, gari ya waye tas. Tun daga unguwar Rusholme ta ga rana a jikin gilasan shaguna, abin da ta kusa mantawa da kamanninsa. A cikin bas ta kasa runtsawa. Ta lissafa cewa in ranar ta tsaya har la'asar za ta iya zagaya filin sau huɗu, ta samu abin da ya fi na makonni ukun da suka wuce gaba ɗaya.

Tun daga ƙofar lambun ta jiyo ƙarar inji. Ba ta kawo komai a ranta ba, ai lokacin yankan ciyawa ne. Ta bi hanyar da ta saba, ta wuce wurin wasan yara, ta sha kwanar da ke gangarawa bakin kurmi. Sai ƙamshin ɗanyar ciyawa ya tare ta. Ta ɗaga kai.

Inda ta bar shimfiɗar ruwan ƙwai ranar Juma'a, yanzu fili ne kore, a aske. Babu igiya, babu allo. Furannin suna warwatse a kan ciyawa, gutsi-gutsi, wasu sun manne a jikin kututturan itatuwa. Can ƙarshen filin wani mutum cikin riga mai ƙyalli, da abin toshe kunne, yana kaɗa injin yankan ciyawa irin na ratayawa a kafaɗa, dama da hagu, a natse, yana dosar ɗan abin da ya rage.

Ta saki jaka ta ruga, ta sha gabansa tana ɗaga hannuwa biyu. Mutumin ya ja da baya a firgice ya kashe injin. Ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Wayyo Allah, na shiga uku."

Mutumin ya cire abin kunnensa. Dattijo ne, baƙi, gajere, da furfura a gemu. Ya dube ta, ya dubi filin.

"Subhanallahi. 'Yata, lafiya? Me ya faru?"

Ta ɗago da sauri. Hausa ce, irin ta mutanen Zangon Kumasi da take ji a kasuwar Longsight. Da a wata rana ce, da ta yi murna. Yau kuwa sai ta ji abin ya ƙara mata ciwo, don ta riga ta haɗa maganganun da za ta zazzaga wa Bature, ga shi yanzu babu inda za ta kai su.

"Baba, ka san abin da ka yanke kuwa?"

"Ciyawa aka ce na yanka."

"Shekara uku ka yanke. Ba ka ga igiya ba? Ba ka ga allo ba?"

"Wallahi ban ga igiya ba. Na ga fure, na tsaya. Na duba waya." Ya cire safar hannu, ya laluba aljihu, ya miƙo mata wayarsa. Taswirar lambun ce, an ja jan layi tun daga wurin wasan yara har bakin rafi, an rubuta a yanke duka. Filinta yana tsakiyar layin, ba wata alama a kansa. "Na kira manaja, bai ɗauka ba. Na ce to, mai yiwuwa na daji ne, ya fito da kansa. Ni kuma ƙarfe biyu ake so na gama nan na tafi wani wuri."

Sunansa Zulkarnaini. Ya ajiye injin, ya ce bari ya duba. Ya gangara bakin rafi, jim kaɗan ya dawo da allon a hannu, ya yi caɓa-caɓa da laka, igiyar na naɗe a jikinsa da turaku biyu. Wasu ne suka tuge suka jefar, wataƙila tun ranar Asabar. Ya jingine allon a jikin itace, ya goge rubutun da hannun rigarsa, ya karanta a hankali.

Yelwa ta kira Dakta Clara. Matar ta saurara, sannan ta fara magana da sauri. Ta ce a ɗauki hoton komai. Ta ce an rubuta wa masu kula da lambun tun bara, suna da takarda a hannu. Ta ce a samo sunan kamfanin da aka ba kwangila da sunan ma'aikacin, don sai da cikakken rahoto za a iya neman ƙarin lokaci. Yelwa tana ta cewa to, to, har aka kashe.

Zulkarnaini ya ji komai, don yana tsaye kusa. Ya ce, "Rubuta. Zulkarnaini Bara'u. Ni na yanka, ba wani ba."

"Me za su yi maka?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ba ma'aikacinsu ba ne na dindindin, ta agency nake, masu ba da hayar ma'aikata. Ba sa kora. Ranar Litinin dai ba za ka ga text na kiran aiki ba, shi ke nan." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin yanayin gari. "Amma ki rubuta. Ke ma ba wasa ya kawo ki ƙasar nan ba."

Ta rubuta sunan a bayan takardar ƙirga. Ta ɗauki hotuna. Sannan ta ƙirga abin da ya tsira: guda arba'in da ɗaya, a bayan wani faɗaɗɗen kututture inda injin bai kai ba. Rana tana nan tana haskawa, ko gajimare babu. Ta tsaya tana kallonsu, sai ga ɗaya daga cikin manyan ƙudajen ta sauko, ta kama bakin fure har ya sunkuya saboda nauyinta, ta cusa kai ciki. Wata ta biyo baya. Yelwa ta ɗauko kujerarta ta buɗe, ta danna agogo. Ba ta san amfanin da zai yi mata ba, amma ba ta san wani abin da za ta yi da ranar ba in ba wannan ba.

Ta ƙirga har la'asar. A kan furanni arba'in da ɗaya ta rubuta zuwan ƙuda sau sittin da takwas, har da wani ɗan ƙuda mai gashi da dogon baki kamar allura, wanda ke tsayawa cak a iska yana zuƙa. Duk sanda ta rubuta lamba sai idonta ya kai kan askakken filin, ta lissafa abin da da ta samu, ta kawar da kai.

Wajen ƙarfe huɗu Zulkarnaini ya dawo, ba inji, ba rigar aiki, da buhun leda a hannu. Ya durƙusa a bakin filin ya fara kwashe yankakkiyar ciyawar da hannu yana zubawa a buhu. Da ta gama zagayen ƙarshe ta je ta tsaya a kansa.

"Baba, bar shi. Ka gaji, ga azumi."

"In aka bar ta a kai za ta ruɓe ta kashe na ƙasa. Zo ki gani." Ya buɗe ciyawar da yatsa. Gindin tsiron yana nan, kore, an aske masa kai amma zuciyar ba ta taɓu ba. "Wurin akwai duwatsu, shi ya sa ban sauke injin ƙasa sosai ba. Zai sake fitowa?"

"Ganye zai fito. Fure kuwa sai baɗi."

"Baɗi," ya maimaita. "Ke kuma baɗi kina ina?"

"Ban sani ba, Baba."

Ta ajiye takardunta ta durƙusa gefensa. Suka yi ta kwasa, sai can ya fara ba ta labari a gutsure. Shekararsa ashirin da shida a Ingila. Ya yi gadi, ya yi wankin jirgin ƙasa, ya yi ɗaukar kaya a sito har bayansa ya ƙi. Yankan ciyawa ya fi masa sauƙi don aƙalla yana ganin sama. Ya ce matarsa Suweiba tana dama koko kullum da azumi, gidan ba nisa, ta zo ta sha ruwa. Yelwa ta yi godiya ta ce bas ɗinta na ƙarfe shida ne. Kafin su rabu ya ce ta ba shi lambarta, ya tura mata hoton taswirar nan mai jan layi.

"An hana mu tura wa kowa," ya ce. "Amma ki riƙe."

A cikin bas aka sha ruwa, tana da dabino uku da gorar ruwa. Ba ta ji daɗinsu ba.

Washegari da hantsi ta zauna a kicin ɗin gidansu za ta rubuta rahoto. Nana A'isha, 'yar Zariya da ke ɗakin sama tana karatun harhaɗa magunguna, ta sauko ta tarar da ita ta yi awa guda a kan layi biyu. Yelwa ta kwashe labari ta gaya mata.

"Anti Yelwa, ki sa sunansa mana. Ai shi ya ce ki sa."

"Dattijo ne, Nana. Ya kai sa'an babana."

"To in ba ki sa ba sai me? Kamfanin ba su san wanda suka tura ranar Talata ba? Suna da rota, jadawalin aiki. Ko kin sa ko ba ki sa ba, sun san shi. Abin da ya rage kawai ki kai report ko kar ki kai. In ba ki kai ba kuma babu extension, ki zauna da rabin data. Ki tuna da su Inaya."

Gaskiya ta faɗa, kuma Yelwa ta san gaskiya ce, shi ya sa ta ji haushinta. Ta rufe kwamfutar ta hau sama ta kwanta da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba barci ta yi ba. Tana jin bas-bas suna wucewa zuwa Oxford Road ɗaya bayan ɗaya. Da azahar ta tashi ta yi salla, ta kira Zulkarnaini.

"Baba, zan kai rahoto. Ina so na sa hoton taswirar, don a ga laifin daga ofis yake. Amma in na sa, za su san kai ka ba ni."

Tana jin ƙarar motoci a bayansa.

"In ba ki sa ba, za su ce tsoho ne bai ga allo ba. In kin sa, za su ce tsoho ya fitar da takardar kamfani. Duk ɗaya ne, 'yata. Gara a san gaskiya. Sa."

Ta sa. Ta rubuta cewa an tuge allon kafin ma'aikacin ya zo, cewa ya tsaya ya kira ofis ba a ɗauka ba, cewa ya dawo bayan tashi daga aiki ya share filin da hannunsa. Dakta Clara ta karanta ta ce wannan sakin layi na ƙarshe ba dole ba ne. Yelwa ta ce a bar shi.

Amsa ta zo bayan Salla da mako biyu. Kamfanin ya rubuto layi uku na ban haƙuri, ya ce zai gyara taswirarsa. Jami'a ta ba ta ƙarin wata shida. Dakta Clara da kanta ta yi dariyar takaici da ta karanta.

"Wata shida," ta ce. "Sai ka ce furen zai fito a Nuwamba don an sa hannu a takarda."

Ta zayyana mata hanya biyu. Ko ta nemi shekara guda cur, ta sabunta biza, ta jira wata bazarar, aikin ya fito yadda aka tsara shi tun farko. Ko kuma ta rubuta abin da ke hannunta: Manchester cikakke, Birmingham ɗan guntu, da bayanin abin da ya faru. Za a ba ta digirin, amma aikin zai zama ƙarami, ba irin wanda ake bugawa a manyan mujallu ba.

"In ni ce, zan tsaya," in ji Clara. "Kin ga abin da kika samu a rana ɗaya a kan furanni arba'in. Amma ni ba ni da yara a wata nahiya."

Yelwa ta ce za ta yi tunani. Ba ta yi wani dogon tunani ba. A tashar bas ta tsaya, bas uku suka wuce ba ta shiga ba, sannan ta kira Ja'afar a wurin aiki.

"Baban Zuhra, in na ce zan ƙara shekara fa?"

"In shi ne alheri, za mu jure," ya ce. "Amma ke za ki iya?"

Tambayar da ba wanda ya yi mata ke nan tun da abin ya faru. Ta buɗe baki za ta ce za ta iya, kamar yadda ta saba cewa, sai ta ji ba ta da ƙarfin faɗa.

"Na gaji," ta ce. "Wallahi na gaji."

"To ki rubuta abin da kike da shi ki dawo gida."

Haka ta yi. Ta kwashe watannin zafi a ɗakin karatu tana rubutu, babi bayan babi. Babin Birmingham shafi tara ne kacal. Duk sanda ta buɗe shi sai ta ji kamar an tsaga mata riga a gaban mutane, amma ta bar shi haka. Zulkarnaini kuwa, kamar yadda ya faɗa, ranar Litinin bai ga saƙo ba, haka Litinin ta gaba. Da ta kira shi ta yi ta ba shi haƙuri har ya ce ta bari, kar ta sa shi jin kunya. Sai a watan Yuli ya samu aikin shara a wata makarantar firamare, awa huɗu a rana. Ya ce bai kai na da ba, amma babu inji a kafaɗa.

A watan Oktoba ta koma Birmingham karo na ƙarshe don ta cire turakunta ta mayar da filin ga masu shi. Ana yayyafi. Ta tarar Zulkarnaini yana jiranta a ƙofar lambu tare da wata mata mai jiki, cikin baƙar jallabiya da takalmin roba, riƙe da lema da kwandon kasuwa.

"Ga Suweiba," ya ce. "Ta ce sai ta ga yarinyar da ta ƙi shan kokonta."

"Mma, ina wuni? Ba ƙi na yi ba, bas ne."

"Bas ne, bas ne," in ji Suweiba. "Kowa a ƙasar nan bas ne. Ga shi na kawo miki a fulas, yau ba azumi, ba ki da hujja."

Suka gangara tare. Filin ya rufe da ganye, kore shar, tsirran sun yi kauri fiye da yadda ta bar su, wasu sun rabu gida biyu gida uku. Ta ƙirga, don hannunta ya saba: ɗari biyu da saba'in da shida. Ta rubuta a takarda duk da babin ya riga ya rufe.

Masu lambun sun yarda ta rage waɗanda suka cunkushe. Ta sa ƙaramin shebur ta tono guda shida, ta raba kowanne da yatsu a hankali har saiwar ta saki, suka zama goma sha huɗu. Ta jera su a kwandon Suweiba, ta ce a dasa su a inda rana ba ta duka sosai, a zuba musu ruɓaɓɓen ganye.

"Bayan gidanmu ko rana ba ta sani ba," in ji Suweiba. Ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina. "Wannan ana miya da shi?"

"An ce Turawan da suna ci. Ni dai ban gwada ba."

"Shekara uku kina noma abu ba ki taɓa ɗanɗanawa ba?" Ta juya wurin mijinta. "Ka ji karatun boko."

Zulkarnaini ya yi dariya har da tari. Ya tambayi Yelwa ranar tafiya, ta ce in an gama jarrabawar baki, cikin Janairu in Allah ya so. Ya ce in furen ya fito a watan Maris zai ɗauki hoto ya tura mata, amma kar ta sa ran zai zauna ƙirga ƙuda, gwiwarsa ba za ta yarda ba.

Suka fake a gindin wani babban itace, Suweiba ta zuba mata koko a murfin fulas. Da zafinsa, ga citta da kanumfari har suna kama maƙogwaro. Ta shanye, aka ƙara mata. Sannan ta ɗaure turakun da igiya, ta saɓa a kafaɗa, suka rako ta har bakin titi. Bas ɗin Manchester ya yi lattin minti arba'in. Ta samu wuri a kan benci, ta jingina turakun a gefenta, ta zauna tana jira.